Petanki a Dar es Salam: wasa na bunƙasa, fili na ƙarewa

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da ake yi cikin lambunan shaƙatawa, wasan jifan faifai. Ɗan wasa yana jifa da faifan roba daga nesa, har ya saka shi cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da aka kafa bisa sanda. Kwanduna 9 ko 18 ake jerawa tsakanin itatuwa, kuma wanda ya gama zagaye da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick ne ya shirya filin farko a jahar Kaliforniya a shekarar 1975. Abin da ya yaɗa wasan shi ne yawancin filayensa na hukumomin gari ne, kowa na shiga kyauta.

A birnin Yamai, wasan da ya cika wannan gurbi shi ne petanki. A unguwar Dar es Salam, kamar sauran unguwanni, da zarar rana ta yi sanyi ma'aikaci ya taso daga aiki, ɗan kasuwa ya rufe shago, sai a haɗu a wani fili ko gefen hanya, a shata da'ira a ƙasa, a soma jifa.

An ƙirƙiro petanki a garin La Ciotat na kudancin Faransa a shekarar 1907, aka kuma kafa ƙungiyarsa ta duniya a Marsai a 1958. Dokokinsa ba su da wuya. Ana wurga ɗan ƙaramin ƙwallon icce, wanda ƴan wasa ke kira bushon, tazarar mita 6 zuwa 10. Sannan kowane ɓangare ya yi ƙoƙarin kusantar da ƙwallayensa na ƙarfe, masu nauyin giram 650 zuwa 800, ga bushon ɗin. Akwai mai ajiyewa, akwai mai harbi, wanda aikinsa ya kore ƙwallon abokin hamayya. Ɓangaren da ya riga kai maki 13 shi ke da nasara. A cikin da'irar nan babu darakta, babu masinja: hannu ne ke magana.

Afirka ma ba a bar ta baya ba. Madagaska ta ɗauki kofin duniya a 1999 da 2016, kuma a watan Satumba na 2023 birnin Kwatano na maƙwabciya Benin ya karɓi baƙuncin gasar duniya.

Sai dai petanki, kamar jifan faifai, abu guda yake bukata wanda talaka ba ya iya saye: fili. Tsawon mita 15 da faɗin mita 4 ya isa a yi wasa na ƙa'ida, amma ko shi yana neman gagara. Ƙidayar 1988 ta samu mutane kusan 400.000 a Yamai. Ta 2012 ta samu fiye da miliyan 1. Kowane kango na da mai shi. Wurin da ake wasa bana, baɗi sai a tarar an jibge bulo da yashi, an ja katanga. Hatta dajin dogon yaro da aka soma shukawa kewaye da birnin tun 1965, domin tare iska da ƙura, rabon filaye da gine-gine sun ci wani babban sashe nasa.

Asarar ba ta tsaya ga nishaɗi ba. Ma'aikacin da ke wuni bisa kujera da ɗan kasuwar da ke wuni bisa benci suna bukatar motsa jiki, ga hawan jini da ciwon suga na addabar mutanen birni. Matashin da ya rasa wurin wasa kuwa, zaman banza ke jiran sa.

Maganin yana hannun magajin gari da masu yanka filaye: a keɓe wa kowace unguwa fili da takarda, a shuka itatuwa, a kafa fitila. Attajiran Dar es Salam su ma suna da rawar takawa, domin kuɗin share fili da zuba masa jar ƙasa bai kai na gina shago guda ba. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Filin da aka riga aka zuba wa siminti ba ya dawowa.