Jan Gwada Biyu Ba Su Zama Bango Ɗaya

Duk wanda ya bi gindin ganuwar Kano da hantsi, ko ta wajen Ƙofar Na'isa ko ta Ƙofar Kabuga, inda sauran badala ke tsaye, ba zai rasa ganin ƙadangaru suna shan rana ba. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwan nan don tsaron mutane, amma yau ƙadangaru sun fi kowa morar abin da ya rage. Mun saba da su har ba mu ko dubansu. To, in mutum ya tsaya ya ƙidaya, zai ga abin mamaki. Mata da 'yan ƙanana suna da yawa, amma jan gwada, watau babban namijin nan mai jan kai da baƙin jiki, ɗaya ne tak a kowane yanki na bango.

Wani Bature malamin ilmin dabbobi a Ibadan, Vernon Harris, ya daɗe yana lura da ƙadangaren ƙasarmu, har ya buga littafi a kan rayuwarsa a 1964. Abin da ya bayyana kuwa kowane yaron birni zai iya gaskata shi. Jan gwada yana da ƙasarsa da iyakarta. Gyaɗa kan nan da yake yi, wanda yara ke cewa gaisuwa ce, shela ce yake yi cewa wurin da mai shi. In wani namiji ya ƙetaro, sai launin jikinsu ya sauya, su jera gefe da gefe, kan wannan wajen wutsiyar wancan, su dinga shauɗa wa juna wutsiya kamar bulala. Da yawa daga guntayen wutsiyoyin da muke gani a nan suka samo asali. Wanda aka ka da sai ya ruga ya nemi wani bango, shi ke nan rigima ta ƙare.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen nan shi ne, akwai inda wanda aka ka da ba shi da wurin gudu, watau cikin akwati. Malamai da yawa, da kyakkyawar niyya, sukan sa almajiransu su kamo ƙadangaru a zuba a akwati ɗaya don darasin nazarin halitta. Haka kuma a Ingila da Amurka mutane suna kiwon wani ɗan'uwan jan gwada a ɗakunansu, wanda ake kira ƙadangare mai gemu, kuma 'ya'yanmu da ke fita karatu ko fatauci suna ganinsa, wasu har ya ba su sha'awa.

Asalinsa daga busasshiyar ƙasar tsakiyar Ostareliya yake, kuma dangi ɗaya suke da namu. Tsawonsa yakan kusa ƙafa 2 har da wutsiya, yakan yi shekara 10 ko fiye in ya sami kulawa. Gemun kuwa ba gashi ba ne, fatar maƙogwaro ce mai ƙaya-ƙaya, wadda yakan kumbura ta, ta yi baƙi ƙirin in ransa ya ɓaci. Yana da sanyin hali ga mutum, har a ɗauke shi a hannu, wannan ne ke ruɗin masu shi su zaci zai yi wa ɗan'uwansa haka. Sai su ce kaɗaici ya dame shi, bari a samo masa abokin zama. Ai ba tunkiya ba ne. A dajinsu ma kowa harkarsa yake yi, sai lokacin barbara.

Ga inda aka fi yin kuskure. Mai kiwo yakan ga ɗaya ya hau bayan ɗaya a ƙarƙashin fitila, ya ce dubi yadda suke ƙaunar juna. Alhali na saman ya tare wa na ƙasan zafi da haske ne. Ƙadangare ba ya ɗumama jikinsa da kansa, sai da rana ko abin da ya tsaya a madadinta. Mai gemu yana bukatar wurin shan zafi mai awo 38 zuwa 42 a ma'aunin santigiret kafin abinci ya narke masa, yana kuma bukatar irin hasken nan na rana da ke sa ƙashi ya yi ƙwari. Wanda ake dannewa kullum sai ya rage cin abinci, ya rame, ƙasusuwansa su yi laushi, ba tare da an taɓa ganin an cije shi ba. In ka ga ɗaya yana ɗaga hannu a hankali yana juya shi kamar mai sallama, to, mubaya'a yake yi wa wanda ya fi shi. 'Yan ƙanana kuwa in an cunkusa su sukan cinye wa juna yatsu da bakin wutsiya, kuma wutsiyar mai gemu ba ta sāke tsirowa. Babba ma yakan haɗiye ƙarami ɗungum.

To, wanda ya riga yana da ɗaya, ya kuma samo sabo, ƙaƙa zai yi? Tilas ya fara ware baƙon a wani ɗaki dabam har wajen wata 3, da ƙwaryar ruwansa da ta abincinsa, a kai kashinsa wurin likitan dabbobi a duba ko da tsutsar ciki, gama akwai cututtukan da ƙadangare ke ɗauke da su alhali a ido lafiyarsa lau. Mai kiwon ya riƙa wanke hannu da sabulu in ya taɓa kowannensu, don shi ma suna iya sa masa zawo, balle yara. Bayan wannan, maza biyu kada a gama su ko na yini ɗaya. Namiji da mace, zai matsa mata da barbara, ita kuwa takan saka ƙwai wajen 20 a zubi ɗaya, ta kuma maimaita, har jikinta ya ƙare. Mata biyu masu girma ɗaya sukan zauna lafiya wani lokaci, in wurin yana da fāɗi, da wurin shan zafi biyu da maɓoya biyu, amma fa a ajiye akwati na biyu kusa. Mu dai a ganinmu, tun da babba ɗaya kaɗai yana bukatar akwati mai tsawon ƙafa 4 da fāɗin ƙafa 2, wanda ba shi da halin akwati biyu ya haƙura da ɗaya.

Malaman makaranta kuwa, ku aljihunku ya huta. In ana son yara su dubi ƙadangare kusa, a kama ɗaya, a dube shi, a mai da shi bangon da aka ɗauko shi kafin azahar. Abin da ya fi, a fita da su bayan makaranta da hantsi, kowa da littafinsa da fensir, su zauna nesa kaɗan, su ƙidaya mata nawa ke tare da jan gwada, sau nawa ya gyaɗa kai, daga ina zuwa ina iyakarsa ta tsaya. In sun dawo da asuba washegari za su tarar jan kan nan ya dushe, sai rana ta ɗaga ya komo.