Gobarar kantin Alhaji Abdu ba ta kashe gardamar masu karatu ba

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Katsina da Jibiya ta faɗo Maraɗi ya san ba atamfa da kayan koli kaɗai ke biyo ta ba. Tun shekarun 1980 ƙananan littattafan Hausa, waɗanda ake kira na soyayya, suke ƙetaro iyaka cikin kayan ƴan kasuwa, su shiga gidaje a Maraɗi da Damagaram, su yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har bangonsu ya yage. Wadda ta yi lakwal ta karanta da ƙarfi, waɗanda ba su yi ba su saurara. Daga cikinsu akwai ɗaya da har yau, in aka ambace shi a zaman mata, ba a tashi baki ɗaya: "Alhaki Kuykuyo Ne" na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990.

Ga labarin a taƙaice. Rabi matar Alhaji Abdu ce, mai sayar da yadi a kasuwa. Ta haifa masa ƴaƴa 9, amma abin da yake ba ta na cefane bai isa ya cika tukunya ba, alhali yana kashe dukiyarsa a waje. Ya auro wata mace mai zaman kanta, Delu, kuma da rigima ta tashi tsakanin matan sai ya kori uwargida da ƴaƴanta. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaranta, har ƴarta Saudatu ta samu miji mai hali. Sa'an nan gobara ta cinye kantin Alhaji Abdu, zamansa da Delu ya watse, ya wayi gari ba shi da kome. A nan ne mazan dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma gidansa.

Har zuwa wurin gobarar, masu karatu mata kan tafi tare. Kowace ta san wani Alhaji Abdu, in ba a gidanta ba to a gidan maƙwabta, kuma ba a ɓoye jin daɗi sa'ad da wutar ta kama. Daga komen Rabi ne hanya ke rabuwa. Manya sukan ce daidai ne: mai ƴaƴa 9 ba ta da wani gida sai gidan ubansu, kuma tun da Allah ya riga ya saka mata, riƙe fushi bayan haka butulci ne. Ƴan mata da zawarawa kuwa sukan ji kamar an yi musu fashi a shafin ƙarshe. Sun bi matar nan cikin wahala, sun ga ta tsaya da ƙafafunta, sai a mayar da ita hannun wanda ya watsar da ita, a daidai lokacin da shi ne mai bukata?

A ganina ɓangarorin biyu sun tsallake abu guda. Rabi ba ta kunna wutar ba. Ba ta kai ƙara ba, ba ta je wurin boka ba, ba ta ɗaga hannu ba. Marubuciyar ta ɗauke ramuwa daga hannun mace ta miƙa ta ga ƙaddara, kamar yadda karin maganar da ta zama sunan littafin ta tanada. Shi ya sa dattijuwa mai tasbaha za ta iya murna da faɗuwar Alhaji Abdu ba tare da ta ji ta yi zunubi ba. Fushin yana nan cikakke a kowane babi, amma an lulluɓe shi da mayafin haƙuri. Kuma Balaraba ba baƙuwar wannan fushi ba ce: ƙanwar Janar Murtala Muhammad ce, wanda aka kashe a 1976 yana shugabancin Najeriya, amma wannan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tun ba ta wuce shekara 13 ba. Da girmanta ta koma karatun yaƙi da jahilci. Wadda ta bi wannan hanya, in ta mayar da Rabi gidan miji, ba lallai yabon komen take yi ba. Mai yiwuwa nuna mana take yadda ake yi.

A gwada da littafin da kusan duk wanda ya yi karatun Faransanci mai zurfi a ƙasashenmu ya sani, "Une si longue lettre" na Mariama Ba ta Senegal, wanda ya fito a 1979 ya ci kyautar Noma a 1980. Ramatulayi, uwar ƴaƴa 12, ta zauna bayan mijinta ya auri ƙawar ƴarsu. Aminiyarta Aisatu kuwa, da aka yi mata kishiya, ta tattara ƴaƴanta ta fita. Ɗalibai sukan rabu a kan wacce ta yi daidai, amma ba wanda ke ƙyamar ko ɗayansu, domin makaminsu bai wuce wasiƙa da magana ba. Ko ranar da Ramatulayi ta fashe wa ɗan'uwan mijinta da ya zo neman gadon aurenta, da baki ta yi.

Inda tura ke kai bango shi ne Firdausi, ta littafin likitar Masar Nawal Sa'adawi, wanda ta rubuta a shekarun 1970 bayan ta gana da wata fursuna a gidan yarin mata na Ƙanaɗir. Firdausi ta kashe kawalin da ke cin guminta da wuƙa, ta ƙi neman afuwar shugaban ƙasa, aka yanke mata hukuncin kisa. A nan mai karatu ba shi da ƙaddara da zai fake a bayanta. Ko dai ya tsaya tare da mai kisan kai, ko ya tsaya tare da waɗanda suka kai ta ga haka, kuma mutane da yawa, maza da mata, sukan rufe littafin su ce wannan ba tarbiyyarmu ba ce, aƙidar ƴancin mata ce irin ta Turawa. Abin lura, tarihin Firdausi, daga kaciya zuwa auren dole da tsoho zuwa duka, ba daga Turai aka kawo shi ba. Ita kanta Nawal an tsare ta a wannan gidan yari a 1981, zamanin Anwar Sadat.

Maza masu karatu fa? Nasu martanin ya fi fitowa a jarida da ofis. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridun arewacin Najeriya, inda Ibrahim Malumfashi ya soki waɗannan littattafai da sunan adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su. Ana maganar ingancin rubutu da tarbiyyar ƴan mata, amma mai lura zai ga cewa littattafan da ke kwance wa mai gida zani a kasuwa sun fi sosa rai. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, a bainar jama'a.

Wannan bai tsayar da Rabi ba. A 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi, labarin ya isa hannun mutanen da ba su taɓa jin sunan Kano ba. A gida kuwa matasan marubuta mata sun koma wayar salula, suna sakin labari babi bayan babi, masu karatu na mayar da martani tun kafin a rubuta na gaba. Marubuciyar da ta yi niyyar mayar da tata Rabin gidan miji yanzu takan ji ra'ayinsu tun tawada ba ta bushe ba.