Hunhuna: baƙuwar da damana ke bari cikin ɗaki

A Dumega, kamar sauran garuruwan Dallol Mawri, ruwa bai yi nisa ƙarƙashin ƙasa ba. Masu garka suna murna da haka, amma bango shi ke ɗaukar wahala. Daga Yuli zuwa Satumba laima tana hawan ginin laka tun daga tushe, rufi yana yoyo, taga kuma a rufe don gudun sauro. Ba a jimawa sai baƙin tabo ko kore ya bayyana bayan gado, ƙarƙashin tabarma, ko gindin buhuna, tare da warin da kowa ya sani. Wannan ita ce hunhuna. A shekara ta 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan guda a Nijar. An ƙirga gidajen da suka faɗi, amma waɗanda suka jiƙe suka tsaya, cikinsu aka ci gaba da kwana.

Hunhuna abu ce mai rai. Tana watsa ƙwayoyinta cikin iska, ido ba ya ganinsu, hanci yana shaƙa. Tun 2009 Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta bayyana cewa zaman ɗaki mai laima yana ƙara tari, toshewar hanci da tashin huka, musamman ga yara. Wanda ya taɓa yin tarin huka ya warke shi ma yana cikin haɗari, domin wata irin hunhuna kan yi gida cikin ramukan da cutar ta bari a huhu.

Ga ɗan kasuwa, asarar biyu ce. Gujiya da masara da aka ajiye da danshi suna yin hunhunar da ke fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga sankara, kuma dahuwa ba ta kashe ta. A Kenya, a 2004, ta hallaka mutum 125 da suka ci irin wannan masara. Saboda haka a busar da kaya sarai, a ɗora buhu bisa katako, nesa da bango, wanda ya ɓaci kuma a zubar.

Maganin hunhuna yana ga tsaida ruwa. Shafa farar ƙasa ko fenti bisa jiƙaƙƙen bango ɓoye ciwo ne, tabon zai dawo. A gyara indararo da rufi kafin ruwan farko, a yi wa gindin bango dakali, a karkata ruwan tsakar gida zuwa waje. A buɗe taga da rana, a shanya katifa da tabarma. Bangon siminti ana wanke shi da sabulu ko ruwan jabel da aka tsarma, ƙofa a buɗe, hanci a rufe, ba tare da an gauraya jabel da wani magani ba. Na laka kuwa a kankare, a bari ya bushe, sannan a sake yaɓe.

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wuri, kafin ya biya kuɗin haya, ya dubi gindin bango. In kuma yaro ya yi mako biyu yana tari, a kai shi gidan likita, a faɗa wa ma'aikacin lafiya irin ɗakin da yake kwana.