Tambayoyin Intanet Masu Nemo Wa Mai Zaɓe Ɗan Takara

A ƙasar Jamus akwai wata manhaja mai suna Wahl-O-Mat tun 2002. Idan zaɓe ya matso, tana kawo wa mutum batutuwa 38, shi kuma ya danna "na yarda", "ban yarda ba" ko "ina tsakiya". Su ma jam'iyyu sun riga sun amsa. Sai kwamfuta ta gwada amsoshin, ta nuna wadda ra'ayinsu ya fi zuwa ɗaya.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, jam'iyyu 18 ne a takardar ƙuri'armu. Wa ya san manufar kowacce? Galibi hula, waƙa da fosta muka sani.

Da mu 'yan kulob za mu tsara tambayoyin Fagge da Sabon Gari, da mun saka ruwan famfo, magudanan Kantin Kwari, cunkoso a ajujuwanmu, da rigakafin gobara irin ta Kasuwar Sabon Gari a 2016. Wanda ya zaɓi tambayoyin yana iya karkatar da sakamakon, shi ya sa dole a san ko wane ne.

Kuma manhajar alƙawari kawai take aunawa. Ɗan takara zai iya danna "na yarda" a kan gyaran makarantu, ya ci zaɓe, mu ci gaba da zama a ƙasa.