Ko Kun Sani? Kwakwar Manja Ba Ta Son Sanyi

Kwakwar manja, wadda Hausawan Fatakwal da Anacha da Inugu ke sarin manjanta a jarkoki suna aikawa Arewa, itaciya ce mai gudun sanyi. Da zarar ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 15, tsironta kan tsaya cik. Tana kuma buƙatar ruwan sama wajen milimita 2,000 a shekara, ba tare da dogon rani ba, don haka hunturun Kano ya fi ƙarfinta. Dabino kuwa, muddin ana yi masa ban-ruwa, yakan jure sanyin daren hamada har ƙasa da sifiri, amma laimar Kudu kan ruɓar da 'ya'yansa kafin su nuna. Shi ya sa cibiyar binciken kwakwa ta NIFOR, da ke kusa da Benin, ta kafa reshenta na dabino a Dutsen Jigawa.