Koyon Surfani a Parakou da Djougou

A unguwannin zango na Parakou da Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin, surfani sana'a ce da ake koyo a shago. Iyaye sukan kai yaro wurin maigida, su biya kuɗin koyo. Da farko aike da guga ne aikinsa. Daga baya sai ya koyi zana aska a wuyan riga, sannan ya hau keke. Bayan kamar shekara 3 akan yaye shi.

Yanzu akwai keken kwamfuta. Shi wannan keke ba ya ɗinki sai an tsara masa zanen a manhaja irin su Wilcom. Da yake yana da tsada, sabon shiga yakan karɓi aiki ya kai wa mai keke, har ya tara jarin sayen nasa.