Abin da ya sa famfon saman bene ba ya da ƙarfi ko da tanki a cike yake

A gidaje da yawa da suka dogara da rijiyar burtsatse, kukan ɗaya ne: famfon ƙasa na zuba da ƙarfi, na saman bene kuwa sai ɗiga. Wasu magidanta kan sayi tankin da ya fi girma, amma matsalar tana nan.

Dalili kuwa shi ne ƙarfin ruwa ba ya bin yawansa. Tazarar da ke tsakanin saman ruwan tanki da bakin famfo yake bi. Tanki mai lita 500 da mai lita 5,000 ƙarfi ɗaya za su bayar, muddin saman ruwansu na tsayi ɗaya.

Idan inji ya tura ruwa sama, wutar da ya ci ba ta tafi a banza ba. Ta zama makamashin da ke ajiye cikin ruwan saboda tsayinsa. Da ruwan ya gangaro, ajiyar ta koma matsi a cikin bututu, da an buɗe famfo kuma ta koma gudu.

Masanin lissafi ɗan ƙasar Siwizalan, Daniel Bernoulli, ya bayyana wannan ƙa'ida a shekarar 1738: makamashin tsayi da na matsi da na gudu musanya suke yi, idan ɗaya ya ragu wani ya ƙaru.

A lissafi, tazarar mita 5 kan ba ruwa gudun da bai wuce mita 10 a daƙiƙa ba. Kafin gudun ya ninka biyu, sai tazarar ta ninka huɗu. Shi ya sa famfon bene, da ke dab da tanki, ke shan wahala.

Siririn bututu da yawan kwana ma na cin nasu kason, domin gogayya na rage ƙarfin ruwa a hanya.

Ƙa'idar ce ke aiki a madatsar Kainji da ke Kogin Neja, inda ruwan da ke gangarowa daga tafki ke juya injinan lantarki.

Mafita ita ce a ɗaga tanki ko a faɗaɗa bututu. Sai dai lita 1,000 na ruwa nauyin tan ɗaya ce, don haka dole ƙarafan da za su ɗauke shi su zama masu ƙwari.